Saƙar Ulu a Cikin Gida: Zaɓen Zare da Kare Lafiyar Yara Lokacin Hunturu

Kamar yadda aka sani, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan sauko da sanyi mai tsanani a Jihar Zamfara, musamman da asuba da kuma tsakar dare. A wannan lokaci ne ake ganin amfanin matan da ke saƙa a gidajensu a Damba da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Da kwarashi ko dogayen allurai biyu, uwa kan saƙa wa 'ya'yanta hular sanyi, safa da suwaita, ta kuma tanadi mayafin jariri don kai gudummawa gidan suna.

Aikin zare ba baƙo ba ne a wannan yanki. Ƙasar Gusau ta daɗe da yin suna wajen noman auduga. Tun kafin layin dogo ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, iyayenmu mata suna gurzar auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su mayar da shi gwado. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar zamani a Gusau, wadda daga baya ta daina aiki. A yau mafi yawan zaren saƙa sayo shi ake yi a kasuwa, don haka ya wajaba mai saƙa ta san abin da take saye.

Zare iri uku ne aka fi samu. Na farko shi ne na auduga, wanda yake da laushi, yana tsotse gumi, ya kuma dace da fatar jariri, sai dai ba ya riƙe ɗumi sosai. Na biyu shi ne ulu na gashin tumaki, wanda ya fi kowanne ɗumi, amma yana da tsada, yana kuma sa wasu yara ƙaiƙayi. Na uku shi ne zaren roba da ake kira akirilik, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Shi ne ya cika kasuwanninmu da sunan ulu, saboda arha da kyawun launi da jure wanki.

Akwai hanya mai sauƙi ta bambance su. A yanki ɗan guntun zare, a ƙona shi nesa da yara. Auduga za ta yi warin takarda ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki zai yi ƙaurin gashi, ya murmushe idan an murza. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya bar baƙin ƙulli mai tauri.

A nan ne ake buƙatar kulawar iyaye. Da hunturu yara kan kewaye murhu ko kaskon garwashi suna jin ɗumi. Idan wuta ta kama suwaitar roba, zaren zai narke ya manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Saboda haka kada a bar yaro mai sanye da irin wannan tufa ya matsa kusa da wuta, kuma a riƙa sa masa rigar auduga daga ciki. Idan tsautsayi ya auku, a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, kada a ɓamɓare abin da ya manne, kada a shafa manja ko ƙwai, a garzaya asibiti mafi kusa.

Haka zalika, jariri sabuwar haihuwa yana saurin rasa ɗumin jikinsa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ba da shawarar a sa masa hula a kuma rungume shi a ƙirji. To amma kada a saƙa wa hularsa doguwar igiya, kada kuma a ɗinka ƙananan maɓallai ko duwatsun ado da zai iya haɗiyewa.

Ga mai son aikinta ya yi kyau, ta fara tun watan Satumba, kafin sanyi ya kankama. Ta sayi zaren da zai ishe ta a lokaci guda, domin launi ɗaya kan bambanta daga rini zuwa rini. A wanke kayan saƙa da ruwan sanyi, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa, domin rataya tana sa su saki. Wadda ke sayarwa kuma ta rubuta kuɗin zare da kwanakin da ta yi tana aiki kafin ta yanke farashi, don kada a yi ba uwa ba riba.

Daga ƙarshe, ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani a wuraren taro, makarantun Islamiyya na matan aure da ranakun awon ciki. Magidanta kuma su taimaka wa iyalinsu da kuɗin zare, su kuma sa ido a kan yara idan an hura wuta.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.