Yaro Mai Ƙaramin Kai: Laifin Uwa Ne?

Wani manomi daga ƙasar Gumel ya aiko mana da wasiƙa, ya ce matarsa, wadda 'yar kawunsa ce, ta haifa masa 'ya'ya biyu masu ƙaramin kai. Dangi sun ce iska ce a jikinta, ya sake ta. To malam, tsaya ka ji.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana ɗauke da zaren gado 46, wato 23 daga uba, 23 daga uwa. Kafin ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta girma, sai ƙwayoyinta sun yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. A lokacin rabuwar, wasu siraran bututu ne ke jan zaren gadon, rabi nan, rabi can. Akwai wani furotin mai suna ASPM da ke zaune a bakin turken da bututun suke ɗaure, yana daidaita su. In ya samu naƙasa, ƙwayoyin ba sa yawaita yadda ya kamata, ƙwaƙwalwa ta tsaya ƙarama, ƙoƙon kai ma ya bi ta.

A shekarar 2002 ne masana a Ingila suka gano haka, cikin wasu iyalai 'yan asalin Pakistan masu auren zumunci. Irin wannan ba ya bayyana sai yaro ya gaji naƙasar daga uba da uwa duka. Iyayen lafiyarsu lau, amma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. 'Yan'uwa kuwa sun fi bare yiwuwar ɗaukar iri ɗaya, tunda kaka ɗaya. In wannan ne, ka ga ke nan rabin abin naka ne, malam.

Ba gado kaɗai ke kawo ƙaramin kai ba. Ƙyandar Jamus a lokacin goyon ciki tana kawowa, haka cutar Zika da ta addabi Barazil a 2015. Likita ne zai bambance.

Babu maganin da zai ƙara girman kai, kada a cinye maka kuɗin gero. Amma da yawa daga yaran nan suna koyon tafiya da magana da ƙananan ayyukan gida in an yi haƙuri da su. Ku kai su asibiti, musamman in suna farfaɗiya, kuma ku nemi shawara kafin wani cikin. Ka riƙe matarka da mutunci. Allah Ya raya su.