Kafin Ka Sauya Sansa, Ka Sa A Gwada Shi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, motar da ke shan mai ta zama abokiyar gaba a gida. Direban Golf ko Sharan da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe, ko mai Corolla da ke zuwa aiki daga Bungudu, kowa ya san lita nawa ke kai shi ta dawo da shi. Da lissafi ya fara sauyawa, ga baƙin hayaƙi, ga fitilar gargaɗi a dashbod, sai a nufi gareji. A jona kwamfuta, lamba ta fito, bakanike ya ce, "Alhaji, sansa ne, sai an sauya." Sau da yawa a nan asara ke farawa.

Injin fetur yana son iska giram 14.7 a kan kowane giram 1 na mai. A motocin injekta, kwamfutar mota ce ke kula da wannan haɗi, tana dogaro da 'yan rahoto biyu. Na farko, ma'aunin iska, yana bayan matatar iska. A cikinsa akwai siririyar waya mai zafi. Iskar da ke shiga tana sanyaya ta, wutar da aka ƙara don riƙe zafinta ita ke nuna yawan iskar. Na biyu, sansan oksijin, yana jikin bututun salansa yana auna iskar da ta rage a hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera shi, Volvo ta fara sa shi a mota a 1976. Ɗaya mai awon kayan miya ne, ɗayan mai ɗanɗanawa bayan ta dahu.

To idan mai ɗanɗano ya ce gishiri ya yi kaɗan, laifinsa ne? Lambar P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0172 kuma mai ya rinjayi iska. Babu wadda ta ce sansa ya mutu. Tiyon roba da zafin bazara ya tsattsaga, fanfon mai da ya yi sanyi, toshewar nozul, ko hudar salansa kafin wurin sansan, duk suna iya haifar da P0171 alhali sansan lafiyarsa lau. Mai motar zai sayi sabo, bayan kwana kaɗan fitila ta sake kamawa.

Hanyar rarrabewa tana cikin kwamfutar gwajin da ake jonawa, a shafin da ke nuna yawan man da mota ke ƙarawa ko ragewa da kanta. Idan ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. In ya yi yawa a silo amma ya sauka da aka taka totur zuwa juyi 2,500, a nemi inda iska ke satar hanya bayan ma'auni. In kuwa a silo daidai yake, sai an taka mota yake hawa, to ma'aunin iska ya yi datti ko mai ba ya isowa da ƙarfi.

Dattin nan namu ne na gida. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana wuce matatar da ta yage, ko wadda aka yi ta busawa da iskar mai faci maimakon a sauya ta. Ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta ba da rahoton iska ƙasa da gaskiya, mota ta riƙa shaƙewa in za a wuce tirela. Maganin sau da yawa feshi ne na musamman na wanke ma'aunin, a bar shi ya bushe. Ba a goga wayar da tsumma, ba a wanke ta da fetur. Wasu tsofaffin Honda ma ba su da wannan ma'auni, matsin iska suke aunawa.

Shi kuma sansan oksijin ba ya aiki sai ya kai zafin digiri 300 ko sama, shi ya sa ake sa masa hita a ciki. P0135 tana nuni ga hitar ko wayarta ko fis. In inji ya yi zafi, sansa irin na da mai lafiya yana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. A zare ƙaramin tiyon iska, ya faɗi. A daki totur, ya tashi. Wanda ya tsaya cik ko yake jan ƙafa, shi ya cancanci sauyi. Da yawa daga Toyota na shekarun 2000 suna da wani nau'i daban a gaba, wanda ba ya wannan lilo, kuma sansan wata motar ba ya zama masa madadi ko da zaren ya shiga.

Akwai kuma cutar da muke jawowa da hannunmu. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye suna hana inji kai zafinsa, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai kamar da asuba. Fasa matatar hayaƙi, wadda ake kira indomi, yana kunna P0420, kuma babu sabon sansan da zai kashe ta. Injin da ke ƙona baƙin mai ko ruwan lagireto, da gam ɗin gasket mai silikon, suna kashe sabon sansa kamar yadda suka kashe tsohon.

Tun 1996 Amurka ta wajabta kafar gwaji iri ɗaya a motoci, Turai ta bi a motocin fetur a 2001, don haka yawancin motocin Kwatano da aka ƙera bayan nan suna iya ba da waɗannan alƙaluma. Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa bakanike, "Oga, nuna mini abin da sansan ke karantawa mota tana kunne." Bakaniken da ya san aikinsa zai nuna, kuma kuɗin gwajin bai kai na sansa ɗaya da aka saya a banza ba.