Kifin Sitajin: Tan 102,000 na Nama, Tan 364 na Ƙwai

A shekarar 2017, gonakin kifi na duniya sun fitar da kifin sitajin kimanin tan 102,000. A wannan shekarar dai, gishirtaccen ƙwansa da ake kira kabiya, wanda attajirai ke ci da ɗan ƙaramin cokali, bai wuce tan 364 ba. Sunan da kifin ya yi a duniya duk saboda ƙwan ne, amma a kan sikeli ƙwan ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba.

Kifi ne na koguna da tekunan arewacin duniya. Yawancin ƙashinsa guringuntsi ne, yana da layi biyar na sulken ƙashi daga wuya zuwa wutsiya, da gashin-baki huɗu da yake lalube da su a ƙasan ruwa, kuma babbansa ba shi da haƙori ko ɗaya. Mafi girma a danginsa shi ne beluga. Wadda aka kama a bakin kogin Volga a 1827 ta kai kilo 1,571, tsawonta ya haura mita 7.

To ina sauran tan dubu ɗari ya tafi? Cikin tukunya. Ƙwan da ake samu a cikin mace ɗaya yakan kai kashi 10 cikin ɗari na nauyinta, ko ya ɗan ɗara. A lissafi mai sauƙi ke nan, tan 364 na kabiya ya fito ne daga matan kifi da nauyinsu wajen tan 3,600 ne. Ragowar nama ne, kuma ƙasar Sin ce ke cinye mafi yawansa: ita kaɗai ta samar da kusan tan 80,000, wato wajen kashi 78 cikin ɗari, ana sayar da shi tun yana ƙarami. A kabiya kuwa rabonta tan 100 da ɗoriya ne, sai Rasha 49, Italiya 43, Faransa 37. Italiya ba ta cikin manyan masu nama, amma ga ta ta uku a ƙwai. Sana'o'i biyu ne daban a ƙarƙashin suna ɗaya.

Adadin da ya fi kowanne bayyana al'amarin, a ganina, shi ne shekarun jira. Mai kiwon tarwaɗa a Kano ko Ibadan yana zuba 'ya'yan kifi, bayan wata biyar ko shida ya kira masu saye. Mai sitajin na Saiberiya, wanda aka fi kiwo saboda saurin balagarsa, sai ya ciyar da mace shekara 5 zuwa 8 kafin ta yi ƙwai. Beluga kan kai shekara 15 zuwa 20. Wani ƙarin ciwon kai shi ne, ba a gane mace da namiji da ido. Sai sun yi shekara biyu zuwa huɗu ake ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, a kwantar a kan tebur, a goga musu na'urar hoton ciki irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Mazan a tura kasuwar nama, matan a mayar ruwa. Ashe rabin abincin shekarun farko ya tafi cikin waɗanda ba za su taɓa ba da ƙwai ba. Ranar girbi kuma yawanci yanka macen ake yi, a tsame ƙwan, a tace shi a rariya, a barbaɗa gishirin da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Tsadar kabiya daga nan take farawa, kafin a zo batun gwangwani da alfarma.

Ruwan ma sai mai sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20. Shi ya sa gonar da ta fara fitar da kabiya a Afirka take tafkin Mantasoa na Madagaska, a tudu mai tsayin mita 1,400.

Wannan kiwo duk ya bunƙasa ne bayan kifin koguna ya yi ƙaranci. A 1977 an kama sama da tan 30,000 a duniya, akasari a Tekun Kasfiyan. Amma tun kafin nan an riga an tare wa kifin hanya: madatsar ruwan Volgograd da aka kammala a 1961 ta raba beluga da kusan dukkan wuraren da take zuwa zuba ƙwai, haka madatsar da aka gina a kan Danube a 1972, daga baya kuma ta Gezhouba a kan Yangtze a 1981. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, sai ɓarayin su suka ci karensu ba babbaka. Kifin da ke ɗaukar shekara 20 kafin ya haihu, kuma ake farautarsa daidai lokacin da cikinsa ya cika, ba ya iya mayar da gurbi. Daga 1998 cinikin dukkan nau'o'insa ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, Amurka ta hana shigo da kabiyar beluga a 2005, ƙasashe biyar na gaɓar Kasfiyan kuma suka dakatar da kamun kasuwanci.

Wanda ya dubi tan 102,000 na gona kusa da tan 30,000 na da, zai ce kifin ya ninka sau uku. A kandami ya ninka. A 2022 ƙungiyar IUCN ta sanar da cewa dukkan nau'o'i 26 da suka rage suna fuskantar barazanar ƙarewa, alhali a 2009 kashi 85 cikin ɗari ne, kuma 17 daga ciki suna matakin haɗari mafi tsanani. Sitajin na Yangtze ya ƙare a kogi, saura na hannun masu kiwo. Abin da ya cika gonaki kuwa 'yan nau'o'i kaɗan ne da barbarar da aka haɗa don saurin girma, waɗanda sakinsu a kogi sai dai ya gurɓata irin asali. Ƙaramar belugar da gidan ƙyanƙyasa zai saki a Volga bana ba za ta nemi wurin zuba ƙwai ba sai bayan shekara 15 zuwa 20, kuma madatsar Volgograd tana nan inda take.