Waƙafi ɗaya, farashi biyu a kasuwar Gaya

Gaya ta Nijar na cin kasuwa da ƙasashe biyu: Malanville ta Binin tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kebbi kuma nan kusa. Sefa da naira kullum suna haɗuwa a hannun 'yan canjin garin, kuma kowane kuɗi na tafe da irin rubutun lambarsa.

Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro a kan 655,957 ga kowane yuro ɗaya. Wanda ya yi boko a Dosso ya san sefa 655 ne da 'yan kai, don a tsarin Faransa waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, dubbai kuwa fili ake bar musu, wasu kuma su sa ɗigo. Ɗan Birnin Kebbi zai karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya, don a tsarin Ingila waƙafi na dubbai ne. 

Mutum in ya ga an rubuta farashi 18.000, yana da hankalin da zai ce buhun masara ba ya yin sefa goma sha takwas. Manhaja ba ta da shi. Saitin ƙasar da ke cikin waya ko kwamfuta take dubawa, yawanci daga rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode. Magatakarda ya buga 18.000 a Excel mai saitin Turanci, sai ta ajiye 18, ko ƙorafi ba za ta yi ba, lissafi ya tafi a haka har takardar kwastan. Wayoyi da kwamfutoci da yawa kuwa daga kasuwannin Najeriya suke shigowa da saitinsu.

Ga kuma ƙidayar baki: a Gaya "dala ashirin" sefa 100 ce, jikka kuma 1000.

Babban taron awo na duniya ya yanke a 2003 cewa waƙafi ko ɗigo duk sun halatta ga guntun lamba, amma dubbai fili kawai za a bar musu. A ganina masu rubuta manhajojin tura kuɗi sun makara wajen bin wannan. Su raba dubbai da fili, su kuma nuna adadin da kalmomi kafin mai aikawa ya danna, ta yadda zai ga dubu goma sha takwas da idonsa.