Mai horar da motsa jiki

Mai horar da motsa jiki, wanda matasa suka fi kira koci, shi ne mutumin da ke tsara wa wani atisayen da ya dace da jikinsa, ya tsaya a kansa lokacin da yake yi, ya kuma riƙa gyara masa kuskure. Ya bambanta da kocin ƙungiyar ƙwallo, domin shi mutum ɗaya ko biyu yake kula da su, kuma lafiyarsu da ƙarfinsu ne a gabansa, ba cin wasa ba. A manyan birane kamar Kano da Kaduna da Abuja aikin ya zama sana'a a gidajen motsa jiki. A garuruwa irin su Kankiya da Kusada na tsakiyar Jihar Katsina kuwa, galibi malaman wasanni na makarantu da tsofaffin 'yan wasa da tsofaffin sojoji ne ke yin sa.

Asalin suna

Kalmar horo a Hausa tana ɗauke da ma'anar tarbiyya da ladabtarwa, shi ya sa ake cewa horon doki, ake kuma cewa an hori mai laifi. Wannan ma'ana ta biyu tana sa wasu su ɗauka cewa horo mai kyau shi ne wanda aka sha wuya a cikinsa, kuma kuskure ne. Ita kuwa koci an aro ta ne daga Turanci, Turanci kuma ya samo ta daga sunan wani gari a ƙasar Hungari, Kocs, inda aka shahara da ƙera keken doki. Abin sha'awa, yadda Bahaushe ke furta kalmar ya fi kusa da lafazin mutanen Hungari fiye da na Turawan Ingila.

A al'adar Hausawa

Horon mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai ya tashi a hannun wani babba, wanda ke koya masa tsayuwa, da yadda ake kare fuska da hannu ɗaya, da yadda ake naɗa zare a hannun duka. Shi ne kuma ke duba abokin karawa ya ce a yi ko a fasa, domin haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa na iya kashe masa sana'a tun a turmin farko. Wannan tsari yana nan a ɓangarorin dambe uku, wato Kudu da Arewa da Guramada. Haka abin yake a kokawa, musamman a Jamhuriyar Nijar, inda kowace jiha ke killace 'yan kokawarta da masu horar da su kafin gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta.

Amfani

Babban amfanin mai horarwa shi ne ido. Mutum ba ya ganin bayansa lokacin da yake ɗaga nauyi, ba ya kuma sanin gwiwarsa ta karkata ciki idan ya durƙusa. Matasa da dama a ƙananan garuruwa suna haɗa ƙarfen ɗagawa da kansu, su zuba siminti a gwangwani biyu su soka bututu a tsakiya. Ƙarfen ba shi da laifi, amma ba a san nauyinsa ba, sau da yawa ma gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma kowa so yake ya ɗaga abin da abokinsa ya ɗaga. Daga nan ciwon baya da targaɗe da ciwon kafaɗa ke shigowa. Mai horarwa yana fara koya wa mutum motsin ba tare da nauyi ba, sai ya ga ya zauna masa sannan ya ɗora.

Ƙarin nauyin ma da ƙa'idarsa. Tsoka tana ƙaruwa ne idan aka ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, aka kuma bar ta ta huta. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana wannan hanya a 1945 lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni. Wanda ke atisaye shi kaɗai yakan faɗa ɗayan biyu: ko ya shekara yana maimaita abu guda, ko ya yi gaggawa ya ji ciwo. Wani bincike da Mazzetti da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000 ya raba maza 20 gida biyu na tsawon mako 12. Waɗanda mai horarwa ya tsaya a kansu sun fi sauran samun ƙarfi, saboda sun fi saurin kaiwa ga nauyin da ya dace da su.

Akwai kuma ɗorewa. Wanda ya san ana jiransa a fili bayan sallar asuba, da wuya ya koma barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ba manya shawarar yin motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka na aƙalla kwana biyu. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba su cika wannan ma'auni ba. Manomin Kusada da ke huɗa da shema a damina ya wuce wannan lissafi nesa. Waɗanda abin ya shafa su ne ma'aikacin sakatariya da ɗan tireda da direba, waɗanda ke wuni a zaune, kuma babur ya ɗauke musu tafiyar ƙafa. A cikinsu ne aka fi fargabar ƙiba da hawan jini da ciwon suga, kuma su ne suka fi bukatar wanda zai fara da su a hankali.

Yanayi da azumi

Tsarin atisayen da aka kwafo daga waya yawanci ba a yi shi don yanayin Katsina ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka gudu da rana haɗari ne. Da hunturu ƙura tana tayar wa masu asma da ciwonsu. A watan Ramadan mai horarwa yakan rage nauyin aiki, ya mayar da shi bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, lokacin da mutum zai iya shan ruwa. Mata da yawa ba sa zuwa filin da maza ke taruwa, shi ya sa mace mai horarwa da za ta shiga gida take da muhimmanci, musamman ga mai jego bayan likita ya ba ta izini.

Cancanta da iyaka

A Najeriya, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horar da masu horarwa, jami'o'i da kwalejojin ilimi kuma suna koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. Sai dai da yawan masu aikin ba su bi ta nan ba, kuma girman ƙirji ba shaidar ilimi ba ne. Wanda ya san aikinsa yakan fara da tambayar shekaru da tarihin rashin lafiya, ya tura mai hawan jini ko ciwon zuciya ko mai juna biyu asibiti kafin a fara komai. A Kankiya akwai babban asibiti da makarantar fasahar kiwon lafiya, saboda haka awon jini da na suga ba abu ne mai nisa ba. Mai horarwa ba likita ba ne: ba ya rubuta magani, ba ya sa a daina wanda likita ya bayar, kuma ba aikinsa ba ne sayar da ƙwayoyin ƙara tsoka ko shayin rage tumbi. Ƙwayoyin ƙara tsoka suna illata hanta da zuciya, suna kuma rage ƙarfin haihuwa ga maza.