Abin da ke jiran mai son sayen gida a cikin birnin Kano

Da wuya a ga allon sanarwar gidan sayarwa a lungunan Yakasai, Mandawari ko Soron Ɗinki. A cikin birni gida yakan canza hannu ba tare da baƙo ya ji labari ba. Maganar takan faro ne a zaure bayan an tashi daga zaman makoki, ta bi ta bakin dillalin unguwa, ta ƙare a hannun maƙwabci ko wani ɗan gidan da Allah ya buɗa wa. Idan har ta kai kunnen na waje, ya kamata ya tambayi dalilin da ya sa na ciki suka bar ta ta wuce su.

Duk da haka masu nema ba sa ƙarewa. Akwai 'yan kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai da ke son kwana kusa da shagonsu, ko su mayar da gidan ma'ajiyar kaya. Akwai kuma waɗanda suka yi gini a Rijiyar Zaki, Hotoro ko Sharaɗa, suka sami fili da gareji, amma har yau a masallacin unguwarsu ta haihuwa suke sallar Magariba, kuma burinsu su mallaki ko da ɗaki biyu ne kusa da gidan iyaye.

Cikin birni, ko cikin badala, shi ne yankin da ganuwa ta kewaye, wanda a yau ya faɗa cikin ƙananan hukumomin Birni, Dala da Gwale. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka faɗaɗa ta, aka gina gidan sarki na yanzu, aka kafa Kasuwar Kurmi. Sunayen unguwannin ma tarihi ne: Zangon Barebari masaukin fataken Borno, Ayagi ta 'yan kasuwa masu asalin ƙasar Yarabawa, Madabo ta malaman Wangarawa, Sharifai kuma ta zuriyar da ake dangantawa da zuwan Shehu Maghili.

Zama a lungu

Abin da mazauna suka fi yabawa shi ne mutane. Kowa ya san ɗan gidan wane ne. Ba a rasa mai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, ba a neman masu jana'iza, makarantar allo da ta Islamiyya kuma taku kaɗan ne daga ƙofar gida. Da azumi yara na tashe lungu-lungu, da Sallah kuma wasu daga kan soronsu suke kallon hawa. Baƙon da ya zo da ɗabi'ar rufe ƙofa kamar a sabuwar unguwa yakan sha mamaki, domin a nan rashin fitowa gaisuwar mutuwa laifi ne da ake daɗewa ana tunawa.

Wahalar ma ba ɓoyayya ba ce. Lunguna da yawa ko Adaidaita Sahu ba ta shiga, balle motar kashe gobara. Mai mota sai ya nemi wurin ajiya a bakin titi ya biya mai gadi, mai gini kuma a baro zai riƙa shigo da yashi da bulo, abin da ke ƙara kuɗin aiki. Famfo a gidaje da dama ya zama ado, ruwan sha sai daga kurar 'yan garuwa ko rijiyar burtsatse. Wasu sassan kuma faɗan daba na tashi lokaci zuwa lokaci. Shi ya sa masu hankali ke ziyartar unguwa sau uku kafin su yi tayi: da rana, da dare, da kuma bayan an sheƙa ruwan sama.

Gida ɗaya, masu shi goma sha biyu

Babban abin da ke jefa mai saye cikin asara shi ne gado. Yawancin gidajen cikin birni na gado ne, wasu ma sun bi ta hannun kakanni biyu ko uku ba a taɓa raba su ba.

A ɗauka magidanci ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu da mata shida. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matan biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gidan ya kasu 16 ke nan: kowace matar aure ɗaya, kowace 'ya ɗaya, kowane ɗa biyu. Babban wa da ke zaune a turakar mahaifinsu, wanda unguwa ke kira mai gida, kashi 2 cikin 16 kawai ya mallaka. Idan aka yi jinkiri har wasu cikin magadan suka rasu, kasonsu ya sake rabuwa tsakanin nasu magadan, masu haƙƙi sai su ninka.

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Mai saye ya zauna da mazan gidan, a yi ciniki, a yi addu'a, a biya la'ada. Ba a tuntuɓi 'yar'uwar da ke aure a Zariya ba, ko ɗan'uwan da ya daɗe a Saudiyya, ko marayun wanda ya rasu. Shekaru bayan an rushe an ɗora bene sai sammaci ya iso daga kotun shari'ar Musulunci. Mata su ne aka fi tsallakewa, sau da yawa da sunan kunya ko "ai ba za ta ce komai ba", alhali shirun kunya ba ya nufin ta yafe.

Akwai kuma hukuncin shuf'a a mazhabar Malikiyya da kotunan Kano ke bi. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar wa bare da kasonsa, sauran na da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓe kason. Wanda yake gari ya ji labari ya yi shiru har shekara ta zagayo, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa, nasa na nan komai daɗewar tafiyarsa. Maƙwabci da ba shi da tarayya a gidan ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, ko da yake a al'ada akan fara yi masa tayi, kuma tsallake shi kan ɓata zama tun ba a tare ba.

Saboda haka abin da ya fi kowace takarda muhimmanci shi ne hukuncin rabon gado daga kotu, mai ɗauke da sunan kowane magaji da kasonsa, sannan sa hannun kowannensu ko wakilcinsa a rubuce.

Takardar mai unguwa da ta gwamna

Gidaje da yawa a cikin birni ba su da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wadda aka fi sani da C of O. Abin da ake nunawa shi ne tsohuwar takardar ciniki, wani lokaci da ajami, mai hatimin mai unguwa ko dagaci. Wannan shaida tana da daraja, domin mai unguwa ya san tarihin gidan da iyakarsa fiye da kowane ofis. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Ta amince da haƙƙin waɗanda suka riga suka gina kafin zuwanta, sai dai ta ce mayar da mallaka ga wani na buƙatar yardar gwamna. Banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina.

Bincike a hukumar KANGIS zai nuna ko an taɓa yi wa gidan rajista da sunan wani, hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma ita ke ba da izinin gini, ita za a tambaya ko akwai shirin fitar da hanya ta wurin. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar ginin da ke kai take biya. Wanda ya zuba miliyoyi saboda darajar wurin, alhali ginin tsohon soro ne, zai iya tashi da abin da bai kai rabin kuɗinsa ba.

Filayen da ke jikin ganuwa sun fi haɗari. Ganuwar kayan tarihi ce ta ƙasa, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO. Rusau ɗin 2023, wanda ya haɗa da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata, ya nuna cewa filin da wata gwamnati ta yanka, mai zuwa na iya cewa na jama'a ne.

Ginin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa

Tsohon ginin ƙasa, mai tubali da rufin azara, ya fi na bulo da kwano sanyi a watannin Maris da Afrilu nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa shi ne kulawa: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, da duba azara ko gara ta ci. Maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo sun yi ƙaranci, don haka yawancin masu saye rushewa suke yi. Kafin a ɗora guduma, a tuna cewa katanga ɗaya kan raba gida biyu, kuma ture ta na iya tafiya da ɗakin maƙwabci. Bene mai tagar da ke kallon tsakar gidan wani ma rigima ce da ke kai mutane gaban alƙali.

Sai maganar kududdufai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, su ne kuma ke shanye ruwan damina. An cike da yawa da shara an yi gini a kai. Irin wannan gida yakan yi kyau a ido da rani, amma harsashinsa a kan bola yake zaune, ruwan da ya saba taruwa a wurin kuma bai canza hanya ba. Dillali ba lallai ya faɗa ba. Tsofaffin unguwa kuwa, da an tambaye su, za su nuna daidai inda bakin kududdufin yake a da, har da sunansa.