Ƙasar Jigawa: Halinta Da Yadda Za Mu Zauna Da Ita

Jama'a, in mutum zai sayi jaki ya kan duba haƙoransa, ya duba ƙafafunsa, ya tambayi halinsa. Amma ƙasar da ya ke shuka a kanta, ya kafa ɗakinsa, ya haƙa rijiyarsa, da wuya ya tsaya ya tambayi nata halin. To, yau darasinmu a kan ƙasar da mu ke takawa ne a nan Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Manoma suna kiranta jigawa.

1. Yadda za ka gane ta

Ka ɗebi ƙasa cikin tafin hannunka daga wurin da ba a yi ciko ba. Ka yayyafa mata ruwa kaɗan, ka murza. In ka ji tana ƙaras-ƙaras, ka yi ƙoƙarin mulmula ta kamar igiya ta ƙi, sai wargajewa, to jigawa ce. In ta yi danƙo ta miƙe, ta manne a yatsa, wannan laka ce irin ta fadama.

Ga wani gwaji kuma da za ku yi a aji. Ku sami farar kwalba, ku zuba ƙasa zuwa rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza ƙwarai, ku ajiye. Nan da nan rairayi zai kwanta a gindi. Bayan 'yan sa'o'i turɓaya mai laushi za ta kwanta a kansa. Laka kuwa sai ta kwana tana yawo cikin ruwan kafin ta sauka. Ɗan baƙin abin da ke iyo a sama, ruɓaɓɓen ganye ne da taki. Da safe ku duba. Za ku ga rairayi ya cinye mafi yawan wurin, laka 'yar kaɗan ce, baƙin nan na sama ya fi kome ƙanƙanta.

Ku riƙe abin da kuka gani a kwalbar nan, don duk halin jigawa daga nan ya fito. Laka da ruɓaɓɓen ganye su ne ke riƙe ruwa da abincin shuka. Rairayi ba ya riƙe kome, kamar rariya ya ke. Saboda haka jigawa tana da sauƙin huɗa, tana shan ruwa da sauri, tana kuma sakinsa da sauri.

2. Daga ina ta zo?

In kun taɓa tsayawa wurin masu haƙa rijiya, kun ga ƙasa hawa-hawa ce. Daga sama rairayi ne mai haske. Ƙasa da shi jar ƙasa ce mai ɗan danƙo, irin wadda kakanninmu suka yi tubali da ita. A wadansu wurare sai a ci karo da marmara. Can ƙasa akwai ruɓaɓɓen dutse, sa'an nan dutse mai tauri.

Dutsen nan ɗan gida ne, amma yawancin rairayin sama baƙo ne, iska ce ta kawo shi. Masana sun gano cewa wajen shekara 20,000 da suka wuce an yi zamani mai tsananin fari, har Hamada ta matso kudu nesa da inda ta ke yanzu. Iskar arewa maso gabas ta yi ta kwaso rairayi da ƙura tana shimfiɗawa bisa ƙasar Kano. Wanda ya bi ta wajen Jahun ya ga dogayen tuddan rairayi, su ne shaidar wancan zamani. Jihar Jigawa ma, da aka cire daga Jihar Kano a 1991, daga irin wannan ƙasa ta sami sunanta.

Iska ta kan yar da kaya mai nauyi kusa, ta tafi da marar nauyi nesa. Don haka in ka nufi arewa wajen Ɗambatta da Kazaure, rairayi ya kan ƙaru. In ka nufi kudu wajen Zariya, ƙasa ta kan ƙara laushi da nauyi, ruwan sama kuma ya fi yawa. Shi ya sa gero da gyaɗa suka fi karɓar arewa, masara da auduga suka fi karɓar kudu.

3. Tudu, gangare, da fadama

Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ban da irin su Dala da Goron Dutse. Amma ko inda ido ke ganin fili, ruwa ya san tudu ya san kwari. Jigawa tana zaune bisa tudu da gangare mai sauƙi. Duk damina ruwa yana wanke lakar da ke cikinta kaɗan-kaɗan, ya gangara da ita kwari. A can ta ke taruwa ta zama baƙar ƙasar fadama, kamar wadda ke bakin Kogin Calawa da Kogin Kano a kudu da mu, da rafin Jakara a arewa.

Watau jigawa da fadama 'yan'uwan juna ne, abin da ɗaya ta rasa ɗaya ke samu. A fadama a kan yi shinkafa da rake da kayan lambun rani. A jigawa a kan yi gero da dawa da wake da gyaɗa. Gyaɗa musamman tana son jigawa, don 'ya'yanta cikin ƙasa su ke girma, kuma ƙasa mai sakwa-sakwa ba ta riƙe su ran cira. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wannan ƙasa ce ta ba da gyaɗar da aka yi dala da ita, har sunan Kano ya kai ƙasashen Turai.

4. Ruwa da rana da iska

In an haɗa shekaru masu yawa an raba, ruwan da Kano ke samu a shekara wajen milimita 850 ne, watau kimanin inci 34. Kusan dukansa yana sauka tsakanin Mayu da Satumba, kuma watan Agusta ya fi kowane wata. Daga nan sai wajen wata bakwai babu ruwan kirki.

Kowane lokaci da abin da ya ke yi wa jigawa. Da bazara, wajen Afrilu, zafi ya kan kai awo 40 a ma'aunin zafi. Rana ta gasa ƙasa, ɗan ganyen da ya rage gara ta cinye. Da faɗuwar damina, hadari ya kan zo da guguwa ya tarar da gona tsirara, iska ta kwashe ƙasar sama, rairayi ya yi ta dukan ƙananan shuke-shuke. A tsakiyar damina ruwa ya yi yawa, ya ratsa rairayi ya tafi da abincin shuka can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. In kuwa ruwa ya ɗauke na mako biyu, gonar jigawa ce ke fara yaushi. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Hunturu kaɗai ke kawo mata ɗan tukuici. Ƙurar nan da ke sa mu mura, yawancinta daga wani busasshen kwari ta ke tasowa a ƙasar Cadi, sunansa Bodele, inda dā can ƙwarai babban tafki ya ke. Tana ɗauke da ɗan abincin shuka, tana sauke shi bisa gonakinmu. Amma kaɗan ne, ba ya isa ciyar da gona.

5. Yadda magabata suka riƙe ta

To, tun da jigawa ba ta da ƙarfin kanta, yaya aka yi ta ciyar da Kano shekaru aru-aru? Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya yaba albarkar ƙasarta. Fiye da shekara 100 bayansa, cikin shekarun 1960, wani malamin jami'a, Michael Mortimore, ya binciki ƙauyukan kewayen birni. Ya tarar mafi yawan gonaki ana nomansu kowace shekara ba hutu, kuma ba su mutu ba.

Asirin ba wani boyayye ba ne. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Da rani, jakai su kan shiga birni da itace, su fito da mangaloli cike da taki, watau kashin dabbobi da toka da sharar gida. Da damina a kan ɗaure awaki da tumaki a gida, a tara takinsu. A kan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. In ka tuge wake ko gyaɗa za ka ga 'yan ƙululluka a saiwarsu. Cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu jawo abincin shuka daga iska su ba shukar. Harawa ta tafi wurin dabbobi, ta komo gona ta zama taki. Ga kuma gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, ya ba ƙasa abinci bai tare wa shuka rana ba.

Wanda ya daina wannan hidima, gonarsa za ta gaya masa. Dawa za ta yi ɗorawa-ɗorawa, ƙuduji ya rufe ta. Takin zamani yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya gyara rariya. Ka sa takin gargajiya tukuna don ƙasa ta sami abin riƙewa. Na zamani kuwa ka raba shi biyu, kada ka zuba gaba ɗaya ruwan Agusta ya tafi da kuɗinka.

6. Yau gida ya ci gona

Wani zai ce, “Malam, ai mu yanzu cikin gari mu ke.” Gaskiya ne. Inda dattawa suka san gonaki, yau gidaje ne da shaguna da tituna. Amma siminti bai sāke halin ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. Ga abu uku da za mu kiyaye.

Na ɗaya, shuka a gida. Wanda ke da ɗan fili ya dasa zogale ko kuɓewa ko alayyafo. Ya gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe sosai, ya rufe gindin shukar da busasshen ganye, ya riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan safe ko yamma. Zuba ruwa mai yawa lokaci ɗaya ɓarna ce.

Na biyu, shara. Jujin dā kusan dukansa taki ne. Na yau cike ya ke da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. Leda ba ta ruɓewa, batir kuma yana da guba. In muka ware toka da ɓawo da kashin dabbobi dabam, manomin bayan gari zai sami taki mai kyau. In muka watsa leda a kwata, ruwan Agusta ya rasa hanya, ya shigo mana ɗaki. Dā jigawa ce ke shanye wannan ruwa, yanzu mun rufe mata baki da daɓe. Kowa ya bar ɗan wuri a tsakar gidansa inda ruwa zai nutse.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, rijiya da masai. Kun ga yadda ruwa ke ratsa rairayi. To, ƙazanta ma haka ta ke ratsa shi. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kan taso sama. In masai yana kusa da rijiya, abin da ke cikinsa yana iya tsiyayewa ya shiga ruwan da yara ke sha, ko da ruwan ya yi garau a ido. Ta haka amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gida. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a bar tazarar mita 30 tsakani, kimanin taku 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Filayenmu ƙanana ne, sau da yawa masan maƙwabci ne ke jikin bangon rijiyarka. Saboda haka ku yi shawara da maƙwabta tun kafin a fara haƙa. Inda tazara ta gagara, a ɗaure bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga kada ya taɓa ƙasa, a kuma tafasa ruwan sha.

Wannan shi ne halin jigawa. Abin da ka ba ta, shi ta ke mayar maka, taki ne ko ƙazanta. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Tambayoyi

1. Wane abu ne ya fi yawa cikin kwalbar da kuka girgiza?
2. Don me gonar jigawa ta kan riga ta fadama yaushi?
3. Faɗi hanya uku da magabata suka bi suka riƙe ƙarfin gonakinsu.
4. In ka koma gida, ka auna taku nawa ne daga rijiyarku zuwa masai mafi kusa. Ka rubuta adadin a littafinka, ka zo da shi aji.